Mai ciwon suga, ka san halin da ƙodarka take ciki?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Da ku nake, ku da likita ya tabbatar muku da ciwon suga, da ku matasa masu raka Baba ko Inna asibiti kuna riƙe musu kati.

Abin da ke damuna shi ne yadda muka mayar da gwajin yatsa ma'aunin lafiya gaba ɗaya. Mutum ya tashi da safe ya tsira allura, ya ga 6 ko 7, ya yi hamdala ya ajiye na'ura, shi ke nan. To ƙodar fa? Zuciyar fa? Kusan ɗaya cikin uku na manya masu ciwon suga ƙodarsu ta taɓu, akasarinsu kuma ba su sani ba, domin ƙoda ba ta ciwo a farkon lalacewarta. Ranar da ƙafa ta kumbura takalmi ya ƙi shiga, fuska ta tasa da sassafe, abinci ya fita daga rai, to ɓarna ta riga ta yi nisa.

Ƙoda tamkar rariya take. Kowace ɗaya tana da 'yan matatai kusan miliyan guda, suga mai yawa da hawan jini kuma su ne suke yage su a hankali, har furotin ya fara zurarewa cikin fitsari. Wannan zurarewa ba labarin ƙoda kaɗai take bayarwa ba, alama ce cewa jijiyoyin jinin zuciya da na ƙwaƙwalwa su ma suna jin jiki. Shi ya sa da yawa daga masu ciwon ƙoda ba sa ma kai wa ga wankin ƙoda, bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ne ke riga kai su ƙasa.

Saboda haka sau ɗaya a shekara ka buɗe baki ka nemi gwaji biyu: na albumin a fitsari, wato furotin ɗin nan da ke zurarewa, da na kiriyatinin a jini, wanda da shi ake lissafa ƙarfin tacewar ƙoda. Albumin ya kai 30, ko ƙarfin tacewa ya sauka ƙasa da 60, aka maimaita bayan wata uku yana nan, to akwai magana. Kada ka jira sai ka ga kumfa a fitsari. Layin asibiti yana da tsawo, likita yana sauri, idan ba ka tambaya ba ana iya rubuta maka maganin suga kawai a sallame ka.

Hawan jini kuwa, abin da ake so ga yawancin masu suga shi ne ƙasa da 130/80. Magunguna irin lisinopril ko losartan suna sauke jini, suna kuma kare ƙoda. Akwai dapagliflozin da empagliflozin da manyan gwaje-gwaje na 2020 da 2022 suka nuna suna rage saurin lalacewar ƙoda, sai atorvastatin na rage kitse a jini. Ban lissafa su don ka ruga kemis ba. Likita ne zai zaɓa, mai juna biyu ma ba ta shan lisinopril ko losartan. Amma wanda aka ɗora a kai, don Allah ya daina cewa "ai na ji sauƙi" ya watsar.

Sai babbar masifarmu, haɗin kemis. Mutum ya dawo kasuwa a gajiye, ya aiki yaro a ƙullo masa "na ciwon jiki" a leda, ƙwayoyi huɗu kala-kala, ciki har da diclofenac ko ibuprofen, ya kora da lemon kwalba, gobe ma haka. Ga mai suga da hawan jini, wannan ganganci ne da ƙoda. Haka jiƙe-jiƙen da ake talla da lasifika a tasha, wai suna wanke suga tas, ba wanda ya san abin da ke cikin jarkar. Gishiri ma Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kada ya kai giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen da ake marmasawa a miya yana cikin lissafi. Taba sigari da shisha ba sai na tsaya dogon bayani ba.

Ga wani tarko da ya kamata 'ya'ya su lura da shi. Idan tsohon da ya shekara yana fama da suga ya fara yawan faɗuwar suga, yana gumi yana karkarwa, ba lallai waraka ba ce. Ƙodar da ta raunana ba ta fitar da magungunan suga irin insulin da glibenclamide da wuri, sai su daɗe a jiki. A koma asibiti a duba ƙoda, a gyara magani.

Mai ganin gwaji ya yi tsada, ya tambayi masu jinya a sashen wankin ƙoda na kowane asibitin koyarwa. Sau uku a mako ake so, kowane zama kusan awa huɗu, ga kuɗin mota, ga ƙarin jini, ga alluran. Gonaki da gidaje nawa aka sayar a kan wannan?

Azumi kuma, wanda ƙodarsa ta taɓu ya ga likita tun a watan Rajab ko Sha'aban, a duba ko zai iya, a sauya masa lokutan shan magani. Idan aka ce kada ya yi, rangwamen marar lafiya yana nan a Suratul Baƙara, sai ya tambayi malami yadda zai rama ko ya ciyar.