Kuɗin haya daban, riba daban

Jama'a, duk wanda ya ce muku gidan haya kuɗi ne da ke shigowa mutum yana kwance, ku tambaye shi ko ya taɓa zama da biro ya yi lissafin shekara guda cif. Da yawan masu gidajen haya abin da ɗan haya ya miƙo suke kira riba, alhali kafin ya zama nasu akwai bakuna da dama da ke jiran rabonsu.

Ga yadda ake lissafin. A ce gidan ya ci 1,000, kuma cikin wannan har da la'adar dillali, kuɗin lauya, rajistar takardu da gyaran farko, don mutane kan manta da waɗannan su riƙe farashin saye kawai. Haya tana kawo 80 a shekara, wato kashi 8 cikin 100. Gidan ya yi wata ɗaya ba kowa, kusan 7 sun tafi. Ware kashi 1 cikin 100 na darajar gidan domin gyara, 10 ke nan, tsohon gini kuma ya fi haka ci. Mai kula da gidan ya ɗauki ushirin abin da ya karɓo, kusan 7. Haraji da inshora a ce 5. Saura 51. Ashe kashi 5 ne a hannunka, ba 8 ba. To idan rabin kuɗin bashi ne mai ruwan kashi 12, ruwan kaɗai 60 ne a shekara, ka ga daga aljihunka za ka riƙa cike gibin 9, uwar kuɗin ma ba a taɓa ta ba. Masu cewa ai darajar gida ba ta faɗuwa su tuna da Amurka a 2008, lokacin da mutane suka wayi gari bashin da ke kansu ya fi kuɗin gidan.

A ganina babban abokin gabar mai gida ruwan da ke shiga gini ne, ba ɗan haya ba. Kafin ka saya, je ka duba gidan bayan an yi ruwan sama mai ƙarfi. Ɗaga kai ka kalli silin: tabo mai ruwan ƙasa-ƙasa alama ce ta yoyo, ko da an shafe shi da sabon fenti za ka ga wurin ya ɗan kumbura. Shafa bangon da ke bayan banɗaki da tafin hannu. In ka ji sanyi, ko fenti na ɓarewa daga ƙasa da farin gari kamar gishiri, to bututu na tsiyaya a cikin bango ko danshi na hawowa daga tushe. Ƙwanƙwasa tayil, wanda ya yi ƙarar fanko ya rabu da siminti. Rufe duk famfunan gidan ka tsaya gaban mitar ruwa, in tana juyawa akwai inda yake zuba. Tsagar da ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa kuwa, musamman wadda ke ƙara faɗi, aikin injiniya ce, kada a bar wa mai fenti. Yoyon da za a toshe da kuɗi kaɗan bana, in aka ƙyale shi zai ruɓar da katakon rufi ya sa rodi tsatsa.

Takardu ba sai an ja magana ba. Lauyanka, ba na mai sayarwa ba, shi zai je ofishin rajistar filaye ya tabbatar da sunan mai gidan, da cewa ba a jinginar da shi ba. In gidan gado ne, kowane magaji ya sa hannu.

Sai zaɓen ɗan haya, inda gaggawa ke kayar da mutane. Gara gida ya ƙara wata ɗaya a rufe da a sa wanda zai daina biya, domin fitar da mutum ta hanyar kotu kan ɗauki watanni, kuma cire masa ƙofa ko yanke masa wuta a ƙasashe da dama laifi ne da zai juyo kanka. Nemi shaidar abin da yake samu. Hayar da ta haura kashi ɗaya cikin uku na samunsa za ta yi masa nauyi ko da mutumin kirki ne. Tuntuɓi mai gidan da ya zauna a da, ba na yanzu kaɗai ba, wanda wataƙila neman rabuwa da shi yake.

Yarjejeniya a rubuce, ko da ɗan'uwa ne (shi ma ya fi buƙatarta). A fayyace ranar biya, wa'adin sanarwar tashi, adadin mazauna, da gyaran da ke kan kowa. Ranar miƙa makulli a ɗauki hoton kowane ɗaki, a rubuta lambar da mitar wuta da ta ruwa suka nuna, ku biyu ku sa hannu. Kuɗin ajiya na ɓarna a ba da rasit, a kuma ajiye shi a asusu daban da na hayar, don ranar tashi za a nemi a dawo da shi.