Cinya huɗu, oba

Kun dai san tun da aka yi karo-karo aka sayo wa 'yan sintirin layinmu oba-oba, a hannuna suke. Guda takwas ne, Baofeng UV-5R, ni na saita su, ni nake cajinsu, ni nake rabawa bayan isha'i in karɓe da asuba. To ranar Asabar da aka yi walimar 'yar gidan Alhaji, Ciyaman ya ce a fito da su saboda tsara motoci da tsaron ƙofa.

Kafin baƙi su fara zuwa na tara yaran a gindin darbejiya na yi musu karatu. Na ce in za ka yi magana, danna babban maɓallin gefe, ka ƙirga ɗaya a zuciyarka, sannan ka buɗe baki, domin in ka haɗa dannawa da magana kalmar farko yankewa take yi, sai "kar a bar motar ta shigo" ta isa kunnen mai ƙofa a matsayin "a bar motar ta shigo". Na ce a riƙe ta a tsaye, eriya na kallon sama, tsakanin baki da makirufo kamar faɗin yatsu huɗu, kuma ihu ba ya ƙara mata nisa, murya kawai yake farfasawa. Na ce mutum ɗaya ke magana a lokaci ɗaya, in yana aikawa ba ya jin kowa. 'Yar fitilar gaba in ta yi kore ana yi maka magana, in ta yi ja kai ne kake watsawa. Sannan na gyara hula na rufe da cewa duk maganar da mutum ba zai iya yi a gaban surukinsa ba, kar ya kuskura ya yi ta kusa da oba-oba. Yara suna ta gyaɗa kai, wani har cewa ya yi Allah ya ƙara ilimi.

Tawa na maƙala ta a ƙugu, ƙarƙashin babbar riga, na jona mata abin kunne mai fil biyu, ɗan makirufonsa na maƙale a wuyan kaftani. Da rana ta take, abin kunnen ya fara yi min ƙaiƙayi, na zare shi na bar shi yana lilo a ƙirji. Ku riƙe wannan: da zarar an jona abin kunne, lasifikar jikin rediyon ta yi shiru, duk sauti ta wayar yake bi.

Akwai wani saiti, lamba ta 4 in ka danna MENU, sunansa VOX. In an kunna shi ba ka buƙatar danna komai, rediyon da ta ji sauti sai ta fara aikawa da kanta, in an yi shiru ta saki. An yi shi ne saboda mai tuƙi ko wanda hannayensa biyu ke kan aiki. Ni ban taɓa kunna shi ba, kuma na hana kowa kunnawa.

Wajen ƙarfe biyu na zagaya bayan gida inda ake girki.

"Hajiya, sannu da hayaƙi."

"Yawwa Malam, ya taro?"

"Taro sai godiya. Hajiya, wata 'yar magana ce tsakanina da ke. Kajin nan da na ga ana jerawa, a ɗan ware min cinya huɗu a leda, a ɗora a kan shinkafa, zan turo yaro ta ƙofar baya."

"Ai Ciyaman ya ce kar a ba kowa sai an sallami manyan baƙi."

Da a nan na tsaya, da yanzu an manta. Sai na matso, na rage murya, wato na sunkuyar da baki daidai kan makirufon da ke wuyana.

"Wane Ciyaman? Hajiya, mutumin da ya zo da kula biyu a but ɗin motarsa tun ƙarfe tara na safe? Da idona na gani, har da ƙaramin bokiti mai murfi. Shi fa har yau bai san gaban oba-oba da bayanta ba, ta kan batir yake magana yana cewa ba a jin sa. Ke dai zuba. Alhaji ma ba zai sani ba, shi in ba buhun siminti ba ne ba ya ƙirgawa."

Hajiya ta yi dariya, ta ce cinya ko fiffike. Na ce cinya, Hajiya, fiffike ai na yara ne, kuma a zaɓo masu tsoka.

Yanzu ga abin da ke faruwa a gaban gida a daidai wannan lokacin, kamar yadda mutane daban-daban suka ba ni labari, kowa da nasa gishirin. Ciyaman ya ajiye oba-obarsa a kan babban teburi, ya murɗe sautinta har ƙarshe, kamar yadda ya saba. Mai gabatarwa ya ce a yi shiru Liman zai yi addu'a, ya ajiye makirufonsa a kunne a gefenta yana jiran Liman ya gyara zama. Jama'a sun ɗaga hannu. Cikin wannan shirun aka ji ta manyan lasifiku biyu: "Hajiya, sannu da hayaƙi." An ce da farko wasu sun ɗauka salon buɗe addu'a ne. Da aka kai kan kula biyu, mutum kusan ashirin suka waiga suna neman motar Ciyaman. Da aka kai kan siminti, an ce Alhaji bai ce komai ba, ya dai cire tabarau ya goge ya mayar. Liman kuwa hannunsa na sama bai sauke ba, yana jiran in gama.

Yaran sun yi iya ƙoƙarinsu, ban raina ba. Mai ƙofa ya yi ta danna tasa yana "Oga, Oga, kashe, kashe", amma muddin tawa na aikawa ba ta karɓa, kuma ɗan tsakanin da ta saki, muryarsa cikin abin kunnen da ke lilo a ƙirjina take faɗawa. Wani mai wayo a cikinsu ya danne maɓallinsa ya riƙe don ya toshe tashar. Dabara ce mai kyau, sai dai in rediyo biyu suka aika tare a kan mita ɗaya, wadda siginarta ta fi ƙarfi a wurin mai saurare ita ke danne ɗayar. Shi yana can ƙarshen layi wajen motoci a kan ƙaramin ƙarfi, wat 1, ni kuwa katanga ɗaya ce tsakanina da teburin, kuma tawa na kan babban ƙarfi, wajen wat 5, saboda ni ne shugaba. Akwai kuma saiti na 9, TOT, da na sa a daƙiƙa 60 don ya yanke duk wanda ya zauna a kan maɓalli. Ya yi aikinsa, ya yanke. Hajiya ta buga ludayi a bakin tukunya, abu ya sake tashi.

Me ya hana wani a teburin ya miƙa hannu ya kashe? Na tambaya. An ce kowa so yake ya ji ƙarshen.

Sai ga yaro ya shigo da gudu yana haki, ya kasa magana, yana nuna ƙuguna. Na ɗaga riga. Fitila ja, tar. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ita ma aka ji ta a waje, an ce nan ne jama'a suka amsa da amin.

Daga bayan gidan Alhaji zuwa gaba babu wata hanya sai ta tsakiyar rumfa. Na fito ina tafiya irin ta mai duba tsaro, ina kallon saman katanga. Ba wanda ya yi dariya, shi ya fi ciwo. Na mayar da abin kunne, kawai don in samu abin yi da hannuna. Ina kallo Ciyaman ya ɗauki tasa, ya miƙe ta tsaye, eriya sama, gabanta na kallon bakinsa, yatsu huɗu cif. Ya danna. Ya ƙirga ɗaya, na ga leɓensa ya motsa. Ya ce, "Malam, cinya huɗu ne ko a ƙara? Oba."

To amma wa ya kunna VOX? Kun san shi. Ƙanin matata, wanda ya zo hutun sati biyu tun kafin azumi. Daren Juma'a ya ce, "Yaya, ara min in ji ƙwallo." Rediyon tana kama FM daga 65 zuwa 108, ɗan maɓallin ruwan lemo na gefe ake taɓawa sau ɗaya, shi ke nan, ba ruwan mai jin ƙwallo da MENU. Da safe na kunna ta, matar da ke sanar da lambar tasha ta gaishe ni da Sinanci. Saiti na 14 ke nan. Na duba na 39 na tarar ya kunna ƙarar nan da ke biyo bayan kowace magana. Na gyara waɗannan biyun ina faɗa, ashe tun daga sifili ya faro yana bi ɗaya bayan ɗaya yana taɓawa.

Wannan yaron shi ne dai ya kashe mana ta tara, don a da guda tara ne. Ta eriya yake ɗaukar rediyo yana wulwulawa a yatsa. Gindin eriyar nan murɗawa ake yi a kan wani siririn fil da ke jikin rediyon, in ana jijjiga shi sai ya saki ko ya lanƙwashe, rediyo ta koma ba ta kai ƙarshen layi. Da ya ga ta fara sassauci sai ya kwance eriyar gaba ɗaya, ya ci gaba da danna maɓalli yana kiran abokinsa. Aikawa ba eriya kuwa, ƙarfin da ya kamata ya fita iska komawa yake yi ciki ya dafa transistar da ke fitar da shi. Yanzu tana ji, tana haska tocila, amma ba ta aikawa ko taku goma. Shi ne yake barin tocilar a kunne har batir ya mutu murus, batirin litiyam kuwa mai bolt 7.4 ba ya son a tatse shi har ƙasa, yana rage masa kwana. Shi ne yake dasa ta a kan caja tana kunne, ta kwana tana sha tana zubarwa, alhali in an kashe ta awa huɗu zuwa biyar sun isa fitilar caja ta juya daga ja zuwa kore. Shi ne ya bar ɗaya a gaban gilashin motar maƙwabci cikin zafin Afrilu, batirin ya kumbura har ya ƙi shiga mazauninsa, dole aka jefar. Da na tsare shi kan maganar VOX, ya kalle ni ido cikin ido ya ce, "Yaya, ni dai ƙwallo na saurara." Yayarsa ta ce ai yaro ne. Yaron da gemunsa ya fi nawa.

Wanda ya fi ba ni haushi ma ba ya cikin gayyar. Baba mai gadin gidan man bakin titi yana da tasa, BF-888S mai tasha 16, ashe ɗaya daga cikin tashoshinsa ta faɗa kan mitarmu. Na daɗe ina gaya wa yara cewa sautin CTCSS da na sa mana a saiti na 11 da na 13 ba makulli ba ne. Aikinsa kawai ya toshe mana kunne daga surutun wasu, amma duk wanda bai sa nasa ba yana jin mu tas. Baba bai sa ba. Yana zaune a kan bencinsa ya ji komai tun daga hayaƙi har salati, ya kira masu zuba mai suka taya shi. Yanzu duk na tsaya shan mai sai ya taso da sandarsa ya ce, "Ranka ya daɗe, lita huɗu ko a ƙara?" Shi da ko gaisawa ba ma yi sosai a da.

Tun daga ranar ba rediyon da ke fita hannuna sai na danna MENU, 4, MENU, na gangara da kibiya har OFF, na sake MENU, na fita da EXIT, sannan na duba allo ko kalmar VOX ta ɓace. Saiti na sifili, mai toshe shuuu, ina barin sa a 3 ko 4. In ya yi ƙasa ta dame ka da hayaniya, in ya yi sama ka rasa muryar na nesa. Ƙarfi duka na mayar ƙarami, har da tawa, cikin layi ya isa kuma batir ya fi daɗewa. Sai in danne maɓallin # har hoton makulli ya fito. Ƙarafunan bayan batir ina goge su da busasshen ƙyalle, don ƙura na hana su shan caji. Makullin dai yaron ya riga ya gano yadda ake buɗe shi.

Ledar kuwa an aiko da ita gida bayan magariba, fiffike ne a ciki. Kuma wanda ya ɗauki caja ɗaya a ofis ranar, don Allah ya dawo da ita, bakwai nake gani.