Mugun da ya yi kama da mu

A wata fada da ke unguwar Bukoki, nan Yamai, na tarar da samari sun kewaye waya ɗaya, shayi na ta tafasa ba mai kula shi. Breaking Bad suke kallo, fim ɗin Amurka mai dogon zango da aka nuna daga 2008 zuwa 2013, labarin malamin kimiyya da likita ya ce yana da kansar huhu, sai ya shiga haɗa ƙwaya wai don ya bar wa iyalinsa abin hannu. Ɗaya daga cikinsu ya ce mini, "Tonton, ai wannan ba mugu ba ne, dole ce ta sa shi." Na ce ya kalla har ƙarshe, sai mu sake magana.

Abin da ya sa nake girmama irin wannan fim ke nan. Mutumin bai zo duniya da ƙaho ba. Tun da farko tsofaffin abokansa sun ce za su biya masa kuɗin magani, girman kai ya hana shi karɓa. Daga ƙarya ɗaya ga matarsa sai ta biyu, daga nan sai gawa, kuma kowane taki yana da hujjar da yake lallashin zuciyarsa da ita. Sai a ƙarshe ya amsa da bakinsa cewa don kansa ya yi. Malamanmu sun daɗe da karantar da mu wannan a Suratu Yusuf: rai mai yawan umarni ne da mummuna. Kabila ma ɗan'uwansa Habila ya kashe, wanda suka fito ciki ɗaya.

A yawancin finafinanmu na Hausa kuwa, tun fitowar farko ka gane mugu: jan ido, dariyar ƙeta, sai zuwa wurin boka. Mai kallo ya tsine masa, ya kwanta da sanyin zuciya, don bai ga kansa a ciki ba. To, ina ɗan kasuwar da ke sahun gaba a masallaci amma yana shigo da taramol? Ina ma'aikacin da aka cusa wa kuɗi a aljihu ya kau da kai? A watan Maris na 2021 jami'an yaƙi da fataucin ƙwaya sun kama tan 17 na tabar wiwi a wani sito cikin Yamai. Kaya mai yawan haka ba ya ratsa ƙasashe sai da hannun masu farar riga da kwarjini.

Muna da masu iyawa. Aicha Macky, mai shirya finafinai ƴar Nijar, ta shiga unguwar Kara-Kara a Damagaram, ta nuna ƴan palais, wato gungun samari ƴan daba, a fim ɗinta na 2021, suna faɗin abin da suka aikata da abin da ya kai su, ba ta wanke su ba, ba ta kuma mai da su dodanni ba.

Inda nake da ƙorafi, har da finafinan waje, shi ne wanda aka kashe. Minti biyu ake ba gawarsa, kyamara ta koma kan mai laifi da ɗan sanda. Ina son in ga marubucinmu ya zauna a gidan makoki har sadakar bakwai, ya nuna uwar mamacin, ya kuma bi uwar mai kisan ranar da take ɗaukar kwanon tuwo zuwa gidan kason Kollo.