Ƙarar Jitar Mdou Moctar Daga Agadas Ta Fito

Tun da Mdou Moctar, makaɗin jita Ba'abzine ɗan Nijar, da abokan kiɗansa suka fitar da faifan Tears of Injustice a Fabrairun 2025, wata magana ke yawo da ta ishe ni: wai sai yanzu suka girma, tunda sun jingine jitar lantarki sun koma asalin kiɗan Abzinawa. Masu faɗin haka, a wurinsu Sahara raƙumi ce da shayi, ban da samari masu jini a jika.

A New York fa aka ɗauki wannan faifai mai sanyi, bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya rutsa da su a Amurka, hanyar Nijar ta toshe. Waƙoƙin ma na faifansu Funeral for Justice ne na 2024, aka sake rera su a tsanake. Yana da daɗi, kewar gida ce zalla a cikinsa. Amma ƙarar da ake ƙyama ita ce ta gida. Haka ake kiɗan biki a Agadas: janareta na ruri, lasifika na neman tsagewa, mai ganga na ƙara wuta har ƙura ta turnuƙe 'yan rawa.

Wane asali ma ake nufi? Faifan Mdou na farko, Anar, a Sakkwato aka yi shi a 2008, da na'urar lanƙwasa murya irin ta waƙoƙin finafinanmu, ya bazu daga waya zuwa waya ta Bluetooth.

Girman na gaskiya a Funeral for Justice yake. A da, yatsun Mdou kawai ake sauraro. Yanzu jitar Ahmoudou Madassane na riƙe da ƙugun kiɗan, gangar Souleymane Ibrahim na kora, jitar bas ta Mikey Coltun na cike ƙasa, babu mai taka ƙafar wani. Baitocin ma sun nuna: Faransa, arzikin ƙasar da ake kwashewa, da harshen Tamashek da yara ke saki. Mutumin da yuraniyom ɗin garin Arlit na ƙasarsu ke haska biranen wasu alhali ƙauyensu na cikin duhu, da raɗa ake so ya yi magana?

Masu cewa kamfanin Matador mai fitar da faya-fayansu ne ya koya musu hayaniya don kasuwar Turawa ba su cancanci doguwar amsa ba. Abin kunyar yana kanmu: gidajen rediyon Kano da Sakkwato su fara sa Funeral for Justice, tunda Mdou maƙwabcinmu ne.