Hasumiyar injin iska: rabin kayan aikin na nan Kalambaina

Duk lokacin da aka ta da zancen samar da lantarki daga iska, hankalin mutane kan fukafukan injin yake tafiya. Ba kasafai ake kula da hasumiyar da ke ɗauke da su ba, alhali ita ce ɓangaren da Sakkwato za ta iya sa hannu a ciki da kayan gida.

Tsayi shi ne ribar wannan harka. Iskar da ke kaɗawa kusa da ƙasa, gidaje da itatuwa da tuddai suna karya mata ƙarfi. Can sama ta fi gudu, ta kuma fi daidaito. Lissafin injiniyoyi ya nuna idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da ke cikinta ya ninka takwas. Ko kashi 10 cikin ɗari gudun ya ƙaru, ƙarfin zai ƙaru da kusan kashi 33. Shi ya sa kamfanoni ke ta rige-rigen hawa sama da mita 100.

Matsalar hasumiyar ƙarfe zalla ita ce hanya. Gwargwadon tsayinta, gwargwadon faɗin gindinta, kuma bututun ƙarfen da faɗinsa ya wuce mita 4 da 'yan kai ba ya shigewa ƙarƙashin yawancin gadoji. A Turai ke nan, inda tituna ke sumul. To a auna tirelar da za ta ɗauko irin wannan bututu daga tashar jiragen ruwa ta Legas, ta biyo ta Kwantagora da Yawuri da Jega, tafiyar kusan kilomita 1,000 cikin ramuka da shingaye da kasuwannin da suka cinye rabin kwalta.

Dabarar da aka ɓullo da ita ita ce a raba hasumiyar gida biyu. Ƙasan a yi shi da kankare: ana zuba shi gunduwa-gunduwa cikin ma'auni a masana'anta, kowace gunduwa daidai ɗaukar tirela, a kai wurin aiki a haɗa su zobe-zobe, a ɗora wani kan wani, sannan a ratsa igiyoyin ƙarfe daga sama har tushe a ɗaure su tamau. Saman kuwa, inda hasumiyar ta tsuke, sai a ɗora bututun ƙarfe, wanda ya fi sauƙin nauyi. Kamfanin Max Bögl na Jamus ya yi suna a wannan aiki. A 2017 ya kafa injin a garin Gaildorf wanda cibiyar fukafukansa ke kan tsayin mita 178. A Brazil da Afirka ta Kudu ma an gina hasumiyoyin kankare ta hanyar kafa wurin zubi kusa da filin aikin.

Mu dubi abin da ke hannunmu. Ajaokuta har yau ba ta fitar da ƙarfen da aka gina ta dominsa ba, saboda haka ƙarfen hasumiya sai da dala. Siminti kuwa tun 1967 ake yin sa a Kalambaina da ke gefen birnin Sakkwato, a masana'antar da yanzu ke hannun kamfanin BUA. Kowace mita ta hasumiya da aka zuba da kankaren gida, kuɗi ne da suka tsaya a aljihun magina da direbobi da masu yashi na jihar nan.

Sai dai kada daɗin zancen ya ɗebe mu. Kankaren hasumiya ba irin kwaɓin bulo ba ne, inda ake miƙe buhu ɗaya har sai bulon ya fara marmashewa a hannu. Ana son kankare mai ƙarfin gaske, a auna komai, a gwada kowane zubi. Ga kuma zafin bazarar Sakkwato, da kan haura digiri 40, yana busar da kankare kafin ya kama, ya bar shi da tsaga. Fukafukan da kan injin dole a shigo da su, kuma su ma ta waccan hanyar za su biyo. Injin ɗaga kayan da zai kai su can ƙololuwa shi ma aiki ne ja.

Jihar Katsina ta ishe mu darasi. Aikin Lambar Rimi mai megawat 10, da injuna 37 na kamfanin Vergnet na Faransa, ya ci shekaru fiye da goma yana jan ƙafa, har da sace injiniyan kamfanin a 2012. A nan gida, ƙaramin injin gwaji mai kilowat 5 da aka kafa a Sayya Gidan Gada bai haifar da wani babban aiki ba.

Tun da dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, ni a ganina gwamnatin jiha kada ta fara da ba da kwangilar injuna. Ta ba Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo kuɗi ta kafa na'urorin auna iska a tsayin mita 100 zuwa sama, su yi aƙalla shekara cur, hunturu da bazara da damina. Idan alƙaluma suka nuna iskar ba ta kai ba, a mayar da kuɗin ga sola, rana dai ba ta taɓa yi mana rowa ba. Idan kuwa ta kai, sai a rubuta cikin sharuɗɗan kwangila cewa a Sakkwato za a zuba kankaren hasumiyar.