Hoto ya gyaru, saura labari

Na daɗe ina kallon fina-finan Hausa, tun zamanin da muke zuwa shagon haya mu karɓo kaset ɗin bidiyo, har zuwa lokacin faifan CD da 'yan kasuwa ke sarowa a Ƙofar Wambai, saboda haka ƙorafina na mai ƙaunar masana'antar ne. Duk wanda ya kwatanta abin da ake ɗauka a yau da abin da aka fara fitarwa a Kano a 1990 zai yarda cewa an ci gaba ta fuskar kayan aiki, domin hoto ya yi fes, haske ya daidaita, har daga sama ake ɗauko gari. Labarin ne ya tsaya cik, a wasu wuraren ma ya koma baya.

Bayan da satar fasaha da tura fina-finai ta waya suka karya kasuwar CD, sai masu shiryawa suka koma ga shirye-shirye masu dogon zango, musamman da tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta nuna cewa jama'a za su iya zaman jiran labari ɗaya mako bayan mako. Daga nan kowa ya buɗe tasharsa a YouTube, inda kuɗi ke shigowa ta hanyar talla, kuma bidiyon da ya kai minti 8 ake iya cusa masa talla a tsakiya. Wannan tsari ne ya haifar da jan rai. Labarin da kashi 10 zai ishe shi sai a miƙe shi zuwa zango 4. Za ka ga Alhaji ya iso ƙofar gida, ya danna hon, maigadi ya fito ya buɗe, mota ta shiga, a nuna fitowarsa, a nuna tafiyarsa zuwa falo, sannan a shafe minti biyu ana gaisawa da tambayar gajiya, alhali babu abin da ya ƙaru a labarin. Idan an gama, sai jarumar ta yi tagumi a dawo mana da abin da muka kalla makon jiya. Mai kallo kuwa da kuɗin datarsa yake sayen wannan ɓata lokacin.

Akwai kuma matsalar sauti, inda magana ke amsa kuwwa a faffaɗan falo ko kiɗa ya danne ta, amma wannan gyaransa ba shi da wuya.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ba marubuta muka rasa ba. Gasar Hikayata ta BBC Hausa kaɗai, tun daga 2016, ta fito da mata masu iya ƙulla labari a taƙaice su kuma warware shi da ma'ana. A ganina, furodusan da ya iya kashe kuɗi wajen hayar katafaren gida da motoci zai iya ɗaukar marubuci ya biya shi da kyau, ya ba shi watanni ya kammala rubutun kafin a kunna kyamara. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano tana duba tarbiyya da sutura, amma ba aikinta ba ne ta ce wannan fitowar ba ta da amfani. Wannan hukunci yana hannun darakta, kuma ni dai na daina bin duk shirin da na tsallake kashi uku na dawo na tarar ba a motsa daga inda na bar shi ba.