Ruwan Flas Ɗin Ba Na Shayi Ba Ne

Kogon Orda yana yankin Perm na ƙasar Rasha, yamma da tsaunukan Ural, cikin wani tudu a bakin kogin Kungur. Tsawonsa ya kai wajen kilomita 5, kuma kusan dukkansa ruwa ne ya cika shi har rufi. Dutsensa jifsam ne, wato farin dutsen nan da ake yin POP ɗin silin da shi, irin wanda ake haƙa a Yobe. Wani tsohon teku ne ya ƙafe sama da shekara miliyan 250 da suka wuce ya bar shi. A shekarun 1990 masu nutso suka fara shiga suna auna hanyoyinsa, suna shimfiɗa igiya.

Ƙungiyarmu ta masu nutso ta zaɓi tsakiyar hunturu, saboda lokacin ne ruwan ya fi garau, kafin ƙanƙara ta narke ta shigo da laka. Ruwan dai ba ya canza hali, rani da hunturu yana wajen digiri 4 zuwa 5. Waje ne matsala. Ranar da muka isa ma'aunin motar ya nuna 28 ƙasa da sifili, rana ba ta fito ba sai wajen ƙarfe goma, bayan huɗu kaɗan kuma ta faɗi, har azahar da la'asar da magariba na bin juna kamar ana korarsu. Da na kira Hajiya na yi mata bayanin inda za ni, ta yi shiru, sannan ta ce, "To kai me ka yar a cikin ramin da za ka je ɗaukowa? Likita aka tura ka karanta ko su?" Na ce ta dai sa mini albarka. Ta sa, amma da sauran magana a bakinta.

Ga kayan da ake ɗora wa mutum ɗaya. Tulun iska biyu na ƙarfe a baya, kowanne lita 12, an cika su zuwa ba 210 (ba shi ne ma'aunin matsin iska), kowanne da nasa bawul da tasa ragileta, wato na'urar da ke rage matsin iskar tulu ta kawo ta baki a shaƙa, domin in ɗaya ta lalace a koma ɗayar. Tocila uku, babba ɗaya da ƙanana biyu, kuma baturansu a cikin riga ake ɓoye su har lokacin shiga, don sanyi na cinye caji. Sai rigar da ruwa ba ya shiga, a ƙarƙashinta kayan ɗumi masu kauri, safar hannu mai roba a waje da ulu a ciki, hula mai rufe wuya, da dalma don mutum ya iya nitsewa, tun da duk wannan kaurin iska ce ke riƙe da shi sama. Auduga haramun ce a nan, in ta sha gumi sanyi take riƙewa. Rigar da aka ara mini mai zif ɗin ƙarfe ce a baya, daga kafaɗa zuwa kafaɗa, wadda mai ita ba ya iya buɗewa da kansa. A riƙe wannan.

Dokar iska kashi uku ce: kashi ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya na ko-ta-kwana. Wanda ya fara da 210, da allurar geji, wato agogon da ke nuna matsin iskar da ta rage a tulu, ta taɓa 140 zai juya, ko da ya hango ƙofar aljanna a gaba. Ba a rabuwa da igiya, kuma akwai 'yan kibiyoyin roba a jikinta masu nuna hanyar fita. Duk wanda ya ɗaga babban yatsa sama, nutso ya ƙare, ba a tambayarsa dalili.

Da safe na riga kowa shiryawa. Ina jiran su a ɗakin sa kaya sai na ga wani ƙaton flas a kan benci, cike da ruwan zafi, ba mai shi. Ga ganyen shayi a aljihuna, ga sukari. Bahaushe da sanyi da ruwan zafi, ai ba sai an yi shawara ba. Na sha, na ƙara, na kuma ƙarawa, har na girgiza shi na ji shiru. Na mayar da murfin na ajiye shi yadda na same shi.

Muka gangara matattakala zuwa bakin ruwan, kaya sun kusa kilo 50 a jikina. Can na yi abin da aka koya mana a tafkin koyo mai ɗumi: na sa ragileta a baki na ja numfashi don in gwada ta. Malaminmu, wani dattijo mai gashin baki da bai cika magana ba, ya daka mini tsawa, amma bakin alƙalami ya bushe. Dalilin tsawar shi ne, iskar tulu in ta fito daga matsi mai ƙarfi ta faɗaɗa, tana sanyaya ƙarfen ragileta sosai. A cikin ruwa, ruwan da kansa ke ɗumama ƙarfen, duk da sanyinsa. A waje kuwa, raɓar numfashinka ce za ta daskare a kan ɗan bawul ɗin ciki. Shi ya sa a irin wannan yanayi ba a numfashi da ita sai kai da ita kun shige ruwa.

Ba mu yi nisa ba ƙanƙarar ta nuna kanta. Bawul ya ƙi rufuwa, iska ta ɓalle, kumfa ta rufe mini ido, haƙorana suka ɗauki sanyi har cikin kwanya. Kumfar ta daki rufin kogo, jifsam kuma dutse ne mai laushi, sai farin gari da ɓarɓashi suka fara zubo mana. Maganin sananne ne: ka koma ɗaya ragiletar, ka miƙa hannu baya ka rufe bawul ɗin tulun da ke zuba, ka jira minti ɗaya ko biyu ruwa ya narkar da ƙanƙarar, sannan ka buɗe a hankali. A faɗa da sauƙi. Da kayan ɗumi masu kauri hannuna ya tsaya a wuya, ina ta sosa ƙeya. Malam ya zo ya murɗe shi, ya haska geji na, ya ga ba 30 sun tafi a banza, ya zana da'ira da tocila yana tambayar ko lafiya. Na mayar masa da da'ira.

Daga nan kogon ya buɗe. Farin bango, manyan duwatsu sun faɗo sun kwanta, hasken tocila na tafiya har ya gaji bai ga laka ba. Muna tafe da shurin kwaɗo, gwiwa a lanƙwashe, don kada ƙafa ta tayar da ƙurar ƙasa. Ina cikin cewa tsarki ya tabbata ga Allah sai shayi ya yi sallama.

Ko ba shayi, sanyi da matsin ruwa na kora jini daga hannu da ƙafa zuwa ƙirji, jiki ya ɗauka ruwa ya yi masa yawa, ƙoda ta kama aiki. Wannan ɗalibin likita ya san shi a takarda. Masu sana'ar suna da bututu a rigarsu mai fitar da fitsari waje, wasu kuma famfas na manya suke sawa ba kunya. Ni an yi mini tayin famfas ɗin tun a gari, na ce ni ɗan gidan mutunci ne. Geji na nuna 160, sauran iska da yawa, na ɗaga babban yatsa. Dokar da ta hana tambayar dalili, Allah ya saka wa wanda ya kafa ta.

Fita daga ruwa zuwa saman matattakala bai fi 'yan mintuna ba, amma kafin mu kai riga ta zama kwano, ƙugiyoyin tocila sun ƙi buɗuwa, gemuna ya yi ƙanƙara. Na juya wa malam baya ina taka rawa. Ya ja zif, ko motsi. Ba a jan daskararren zif da ƙarfi, haƙori ɗaya ya karye riga ta tashi aiki, kuma kuɗin sabon zif ba wasa ba ne. Ruwan ɗumi ake zuba masa daga wannan kafaɗa zuwa waccan. Malam ya ce kada in damu, ai ya tanadi flas musamman don haka. Ya ɗauko shi daga kan benci, ya buɗe, ya kifa. Ɗigo biyu suka faɗo, da ganyen shayi ɗaya.

Ya dubi ganyen, ya dube ni. Ya ɗora buta a wuta, ya ja kujera ya zauna, ya ce ruwan rijiyar nan sanyi gare shi, sai an yi haƙuri. Sauran suka kewaye ni suna ba ni shawarar in daina tunanin ruwa, ɗaya har yana tsiyaya ragowar na rigarsa a bokiti a gabana, a hankali. Da aka buɗe zif ɗin ban tsaya cire riga ba, na saɓule ta zuwa ƙugu na fita da gudu, hannayenta na jan ƙasa, banɗakin katako kuma yana can ƙarshen fili, dusar ƙanƙara har gwiwa. Na isa na tarar ƙofarsa ma ta daskare.